Kabewar Habi a Cikin Gidan Sauro

Duk matar da ke Zangon Wagadugu ta san kabewar Habi. Ba irin ƙattin nan ba ce da ake jibgewa a kasuwa, ki yanka ki tarar da ruwa zalla. 'Yar madaidaiciya ce mai dogon wuya, cikinta ja kamar manja, in ta shiga miyar taushe sai maƙwabta sun aiko da kwano. Habi matar yayana ce, Zailani. Ni ce Tani, ƙanwarsa, mai sayar da masa da zoɓo a bakin layinmu, kuma in wani ya ce muku ina da faɗa, to bai yi min ƙazafi ba.

Irin kabewar nan daga ƙauyensu ta zo da shi, can wajen Madawa, ƙulle a bakin zanenta ranar da aka kawo ta amarya. Na uwarta ne, ita ma uwar gadonsa ta yi. A can ƙauyen tuni ya ɓace, tun wata shekarar fari da mutane suka watse. Da Habi ta je ta'aziyyar uwarta ta bi gida gida tana tambaya, ba ta sami mai ko ƙwara ɗaya ba. Wanda ke hannunta shi kaɗai ya rage.

Shekara da shekaru a tsakar gida take shuka shi, ya yi yaɗo ya haye rufin madafa. Yaya a lokacin direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yau Lome gobe Yamai, ko ganyen kabewa bai sani ba. Sai da idonsa ya yi rauni aka karɓe makullin mota, kuma mai gidan hayarsu ya malale tsakar gidan da siminti don ya ƙara ɗakuna. Nan ne abokinsa Lassane, wani dattijo Bamoshe, ɗan asalin ƙasar nan, mai noman rani a bakin barajin Tangin, ya yanka masa gefen garkarsa. Da furfurarsa da komai Yaya ya zama manomi, Habi na tsaye a kansa tana nuna masa inda zai haƙa da inda zai zuba ruwa.

Shekarar da ta wuce kafin rasuwarta aka yi musu ɓarna. Wani ɗan ƙuda ne ke sukar kabewa tun tana ƙarama ya zuba mata ƙwai, ta girma da kyau a ido, a yanka a tarar da tsutsa. Guda ɗaya tak ta tsira. Habi ta wanke 'ya'yan cikinta ta shanya, ba su ko cika tafin hannu ba. Ranar na ga hawaye a idonta, ita da ko a kan naƙuda ba a ji kukanta ba.

Da damina ta faɗi sai ciwo ya kwantar da ita. Muka yi ta zarya asibiti, magani ya ƙi. Tana zaune a kan tabarma ƙafafu a kumbure sai ta tuno yadda masu garka ke rufe rainon kabeji da tsohon gidan sauro. Ta tashe ni, wai in bi gidajen Zango in roƙo mata duk wanda aka daina kwana a ciki. Na yi ta ƙorafi, amma na je. Mata suka yi ta fito da su, fari da shuɗi da kore, wasu duk huji. Ta sa aka wanke, ta zauna da allura tana toshe huji tana haɗa wannan da wancan.

Na ce mata, "Matarmu, wannan ɗakin wace amarya kike haɗawa?"

Ta ce, "Na kabewata ne, 'yar baƙin ciki. Zo ki zura min zare, idona ya gaji."

Haka ta yi ta yi har abin ya cika ɗaki. Kusa da ƙarshe hannunta rawa yake, allura na suɓuce mata, in na ce ta kawo in ƙarasa sai ta harare ni. Ranar da ta yanke zaren ƙarshe ina wurin. Ta dubi Yaya ta ce, "Malam, bana ko ƙwaro ɗaya kada ka bari ya shigar min." Shi kuwa ya ce to. Shi mutumin da ne, tunda aka yi aurensu ban taɓa jin ya kama sunanta ba. Sai dai ya ce "ke", ko "mutanen gida". Kafin sanyi ya shigo Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya ɗaure abin nan a bayan kekensa ya nufi Tangin. Ya kafa sanduna, ya baza shi a kai, ya danne gefe gefe da duwatsu, ya bar 'yar ƙofa da yake maƙalewa da abin shanyar kaya. Ya shuka irin duka, don bai yarda kowace ƙwara za ta tsiro ba. Wallahi abin ya yi kyau. Masu garka suka riƙa zagayowa kallo, wasu na cewa shofer, wato direba, ya gina wa kabewa otel.

Ni ke kai masa abinci, don in ban kai ba sai ya yini da ruwan shayi a ciki. In na tashi daga masa sai in hau moto, babur ɗin haya, in bi ta unguwar Paspanga in gangara baraji. Kabewa ta tsiro, ta yi yaɗo, ganye fanka-fanka, ba huji ko ɗaya a jikinsu. Yaya ya fara cin abinci sosai, har yana yi min tsiya a kan gishiri. Raina ya yi fari, na ce to Alhamdu lillahi, ya samu abin da zai riƙe shi.

Ranar da furen farko ya buɗe, Lassane ya ajiye gwangwanin ban ruwansa ya zo ya tsaya a bakin ƙofar. Hausarsa irin ta kasuwa ce, yana haɗawa da Mosanci, yarensu, amma ana ganewa.

"Shofer, ɗakin ya yi aikinsa. Yanzu ka buɗe wa ma'aikata."

Yaya ya ce, "Waɗanne ma'aikata kuma?"

Lassane ya nuna masa saman gidan sauron. Ƙudan zuma ne kwance a kai, suna bin raga suna neman hanya. Ya tsinko fure biyu daga kokumbarsa ya ɗora a tafin hannu. Ɗaya siririn kara gare shi, ɗayan kuwa akwai ɗan ƙullutu a gindinsa. Ya ce wannan namiji, wannan mace, haka kabewa ma take. Ya shafa cikin namijin ya nuna mana yatsa, wani gari rawaya ya manne masa. Ya ce in garin nan bai je wurin macen ba, ɗan ƙullutun nan ba zai zama komai ba, kuma fure ba shi da ƙafa, zuma ce ke yi masa dako.

Ni na fara amsa masa, tun kafin Yaya ya buɗe baki. Na ce, "Haba Baba Lassane! Zuma? Waɗannan 'yan fitina da ke hana ni sakat a kan zoɓo? Jiya ma ɗaya ta harbi mai saye a leɓe. Ƙwaro ai ƙwaro ne, ba abin da ya sani sai ɓarna."

Dariya ya yi. Ya ce a garka akwai ɓarawo akwai ɗan ƙwadago, kuma duka da fuffuke suke zuwa. Ya ce shi ko feshin magani ba ya yi da safe, sai yamma lis in sun koma gida. Ya nuna min wata fasasshiyar tukunya a gindin mangwaro, da ruwa a ciki da 'yan karare a saman ruwan, wai don su sauka su sha kada su nutse. Haka ya ga ubansa na yi. Na ce a raina, ikon Allah, har da shayar da su.

Yaya dai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na gode, Lassane. Amma marigayiya ta ce ko ɗaya kada ya shiga, ni kuma na ce mata to."

Lassane bai ja ba. Ya ɗauki gwangwaninsa ya koma bakin ruwa.

Fure ya yi ta fitowa, rawaya shar, kullum safiya garkar kamar an yi mata ado. 'Yan ƙullutun suna fitowa, Yaya ya durƙusa ya kai fuska kusa don ya gan su da kyau, ya kira ni in zo in gani. Bayan 'yan kwanaki sai su yi rawaya, su yanƙwane, su faɗi. Ya tsince su ya zuba a aljihu. Wasu su fito, su ma su bi sahu. Ya ƙara taki, ya rage ruwa, ya ƙara ruwa, duk a banza.

A Zango kuwa kowa ya zama likitan kabewa. Wasu suka ce baki ne, mutane sun cika yaba abin. Wata tsohuwa ta ce kabewar takaba take yi, ba za ta haihu ba sai ta fita. Na ce mata ta ji tsoron Allah, kabewa ce ba mace ba. An karɓo tofi an yayyafa, ba abin da ya sauya. Yaya ya koma tura kwanon abinci gefe. In na yi magana ya ce ya ƙoshi, alhali wuyansa har ya fito daga riga.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ba sauran iri a gida. Na zazzage gwangwanayen Habi kaf, na duba ƙasan akwati, ko ƙwara ban samu ba. In waɗannan gindin suka bushe ba su ƙulla ba, shi ke nan kabewar da ta fito tun daga Madawa a bakin zane ta ƙare a hannunmu. Ga ruwan baraji ya fara ja da baya, ga zafi na matsowa.

Wata safiya ban soya masar sayarwa ba, na tafi Tangin tun rana ba ta yi zafi ba. Ban je wurin Yaya ba, wurin kokumbar Lassane na tsuguna. Na zuba wa zuma ɗaya ido. Ta kutsa cikin fure har ba a ganinta, ta fito jikinta duk garin nan, ta faɗa wani, ta fito, ta faɗa mai ƙullutu. Ba ta ko kalle ni ba. Na ɗaga ganyen, ga kokumba nan reto reto, manya da ƙanana. Na waiwaya na dubi namu, zuma na ta bugun raga, fure a ciki buɗe ba mai zuwa. Tausayi ne ya kama ni ko haushi, ban sani ba.

Na tambayi Lassane ko da sauran lokaci. Ya ce akwai, amma kaɗan, in zafi ya kama furen ma daina fitowa zai yi. Na ce to me ya hana shi sake yi wa abokinsa magana? Ya ce ya yi, sau biyu ma, amma mutum ba ya shiga tsakanin miji da maganar matarsa da ta mutu. Na ce shi ne ba zai shiga ba, ni kam zan shiga.

Washegari na zo da almakashi a cikin jaka. Na bari Yaya ya gangara ɗibar ruwa, na kama ragar ta wajen ƙofa, har na buɗe bakin almakashin. Ashe ya manta igiyar guga ya juyo. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Tani! In kika yanka, ba ni ba ke."

Na ce, "Yaya, kashe ta kake yi! Kana gani da idonka. Kabewar Habi kake kashewa, ka kulle ta kamar fursuna."

"Na ce ki ajiye."

"Ba zan ajiye ba. Ita Habin da tana nan da tuni ta yaye abin nan da hannunta. Ba ta san da zancen zuma ba ne. Da can a tsakar gida wa ya hana su zuwa? Kai ma ka san gaskiyar Lassane."

Ya zo ya karɓe almakashin, a hankali, ba fizga ba. Ya ce, "Na sani. Kina tsammani ban da hankali ne? Na sani tun ranar da ya faɗa. Amma matar nan shekara nawa ina kan hanya tana riƙe min gida, ba ta taɓa cewa in sayo mata ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya. Ɗaya. Kuma da wannan hannun da ba ya iya riƙe kofi ta ɗinka shi. Ke kike so in tsaya ina kallo ki keta?"

Bakina bai mutu ba, don ba ya mutuwa da wuri. Na ce to ya zauna ya rungumi gidan sauro, in kabewar ta ƙare sai ya dafa ragar ya ci. Na ɗauki jakata na tafi. A kan moto kuka nake yi, mai moto na tambayata ko rasuwa aka yi, na ce ya kula da hanyarsa.

Na ɗauke ƙafa daga Tangin. In na dafa abinci sai in ajiye masa a ƙofar ɗaki, in ya dawo ya ɗauka, ba mai ce wa wani kanzil sai gaisuwa. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Lassane, har Habi da ke kabari na yi fushi da ita, ina neman gafarar Allah. Amma da na ga kwanukan na dawowa kusan yadda na kai su, zuciyata ta kasa. Ran wata Alhamis na soya masa mai zafi na zuba a kwano na kama hanya.

Ban same shi a bakin ƙofar ba. Na zagaya baya, ta gefen da ke kallon garkar Lassane, na tarar da shi a tsugune, da allura da zare a hannu, ba ya motsi. Na yi sallama bai amsa ba. Na ce a raina ko ciwo ne ya kama shi.

Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Zo ki duba min. Idona ne ke min gizo ko kuwa?"

Na tsuguna kusa da shi. A wurin ne wani shuɗin gidan sauro ya haɗu da fari, kuma na gane ɗinkin nan take. Shi ne na ƙarshe da ta yi, lokacin da allura ke suɓuce mata. Taku ne manya manya, a karkace, wani nesa da wani. Iska da rana sun buɗe shi kamar faɗin hannu. Ta nan wani reshe ya zuro kai ya fito waje, ya bi bayan duwatsu ya shige cikin ciyawa, shi ya sa ba wanda ya lura. Yaya ya ga ɓarakar ne ya zo toshewa, ya kama reshen zai mayar ciki sai ya ji nauyi.

Na buɗe ciyawar. Kabewa ce, ta kai dunƙulen hannuna, koriya shar, da ɗan dogon wuyanta. Na taɓa ta, tauri gare ta, ba alamar yanƙwanewa. Can gaba kaɗan ga wani fure a buɗe, da zuma a ciki tana ta aikinta.

Na ce, "Yaya, ta ƙulla. Wallahi ta ƙulla."

Ya miƙa hannu ya shafa ta, ya shafa ɗinkin. Ya daɗe yana bin zaren da yatsa. Sannan ya ce, "Habi." Haka kawai, da sunanta. Ya sake cewa, "Habi, ashe kin bar musu ƙofa."

Ni na san ba ƙofa ta bari ba. Ina zaune ta yi ɗinkin nan, hannu ne ya gaza. Maganar ta zo min har bakin leɓe, don ni ba na iya ganin abu in yi shiru. Amma na dubi fuskarsa, hawaye na bin furfurar gemunsa, sai na haɗiye ta. Na ce, "Haka ne, Yaya."

Bai yarda a sa almakashi ba. Ya ciro reza daga aljihu, ya ce in riƙe masa gefen biyu. Ya fara warware ɗinkin taku bayan taku, yana zaro zaren yana naɗewa a yatsa. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya lalubo da farce sannan ya yanke. Na ce ya kawo in taya shi mu yi sauri kafin furen ya rufe, ya ce a'a, shi ya ce mata to, shi zai buɗe. Lassane ya hango mu ya taho, ya fara kwashe duwatsun gefe. Da aka gama muka naɗe ɓangaren nan muka ɗora a kan sanduna. Zaren kuwa Yaya ya cusa shi a aljihun gaban rigarsa.

Ba a daɗe ba suka fara shiga. Ɗaya, sai biyu, sai ga su nan ko'ina, garkar ta ɗauki ƙugi. Ɗaya ta sauka a kan hannun Yaya, na ɗaga mayafi zan kaɗe ta, ya ce in bar ta. Muka zauna a ƙasa mu uku muka ci masar nan da ta riga ta huce. Yaya ya ci har ya side kwano.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. An makara. Zafi ya shigo, furen ya ragu, ruwan baraji ya yi nisa har sai Yaya ya huta a hanya kafin ya iso da gwangwani. Waɗanda suka ƙulla ba su da yawa. Kuma ɗan ƙudan nan da Habi ke tsoro bai yi ƙaura ba, ya soki biyu tun suna ƙanana muka tsinke muka binne. Washegari ya zo da almakashina, wanda ya karɓe ranar faɗanmu, ya yanko ƙyalle daga shuɗin gidan sauron da hannunsa. Duk wadda furenta ya bushe ta fara girma sai ya sa mata 'yar riga ya ɗaure a wuya. Lassane ya ga abin ya ce shi ma baɗi haka zai yi wa nasa, ya ce dabarar marigayiya ba ta faɗi ba.

Waɗanda suka nuna ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta farkon nan, wadda ta fita ta ɓaraka, ita ta fi girma. Yaya ya kawo ta Zango a kwandon keke, naɗe cikin rigarsa. Ya ajiye a gabana ya ce in yanka. Na sa wuƙa, ta buɗe, ja wur, cikinta cike da 'ya'ya masu ƙiba.

Ya wanke 'ya'yan da kansa ya shanya a kan ragowar ragar. Da suka bushe ya ce ba za su sake zama a hannu ɗaya ba. Ya yanka ƙyallaye ya ƙulla kaɗan kaɗan, ya ce in kai wa duk matar da ta ba da gidan sauronta, mai fili ta shuka, wadda ba ta da shi ta aika ƙauye. Ƙullin farko Lassane ya ba. Ya ce kuma duk wadda na ba in gaya mata zancen zuma. Ni da nake kashe su da murfin tukunya, ni ce na bi gidajen Zango ina yi musu kamfe. Har yau in ɗaya ta faɗa min a zoɓo sai in tsamo ta da cokali, in zage ta, in ajiye ta a rana ta bushe.

Ranar Juma'a na yi taushe da kabewar. Na zuba gyaɗa da yakuwa da alayyafo, na yi duk yadda na ga tana yi, na soya masa na kai masa ɗaki. Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tauna a hankali, ya daɗe bai haɗiye ba.

Ya ce, "Gishiri ya yi yawa. Ba haka Habi ke yi ba."

Da wani ne ya faɗa min haka da unguwa ta ji mu. Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci. Da ya gama ya miƙo min kwanon ya ce in ƙaro masa.